Yadda Ake Rufin Shigifa da Azara

Wanda ya biyo babban titin Sakkwato zuwa Jega, in ya iso Tambuwal kwano zai fara gani yana ƙyalli dama da hagu. Sai ya kutsa cikin tsofaffin unguwanni, ko ya saki kwalta ya nufi ƙauyukan Kebbe, sannan zai tarar da shigifa da soro na ƙasa, waɗanda mutum kan shige su da tsakar rana a watan Afrilu ya ji sanyi ya ratsa shi. Garin Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, bai rasa magina ba har yau, amma masu iya rufin ƙasa yadda ya kamata suna raguwa, kuma abin yana damuna.

Aikin rani ne. Sai an gama kaka, an kai gero da dawa rufewa, iskar hunturu ta busar da ƙasa, sannan a kira magini. Wanda ya bari sai hadari ya fara haɗowa ya jawo wa kansa asara.

Azara ake fara nema, don ita ce ƙashin bayan rufin. Daga giginya ake samunta, kuma magina sun fi son namijin giginya wanda ya tsufa. A sare shi, a tsaga gida huɗu, a sake tsagawa, a fafe ɓargon tsakiya mai taushi, a bar ɓangaren bayan nan mai baƙin zare-zare. Shi ne gara ba ta iya masa. In ka ɗaga azarar kirki za ka ji nauyinta ya fi girmanta, in ka ƙwanƙwasa ta yi ƙara. Fara mai sauƙin ɗauka kuwa ɗanya ce, ko kyauta aka ba ka kada ka ɗora mata ƙasa.

Ƙasar ma ba kowace ba. Ja ake so mai ɗan tsakuwa, a zuba ruwa, a watsa busasshiyar ciyawa da kashin jaki ko na doki, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, a dawo a sake cuɗawa. Da ita ake mulmula tubali, da ita ake tayar da bango, kaurinsa a gindi ya fi na sama. Ba a ɗora rufi sai bangon ya bushe ƙarau, kuma tun a nan magini yake yanke shawarar inda ruwa zai bi, ya ɗan rage tsawon bangon wannan gefe.

Azara tana da iyaka. Tazarar da za ta haye ɗauke da ƙasa ba ta lanƙwashe ba ba ta cika wuce kamu 4 ba, wajen ƙafa 6 ke nan. Duk gwanintar maginin Hausa daga wannan iyaka ta fito. In ɗakin ya ɗan fi haka, sai a yi tauyi: a gitta gajerun azaru a kowace kusurwa, a ɗora wasu a kansu, ana matse sararin tsakiya har ya dawo daidai tsawon azara guda. In zaure ne babba, ko dai a kafa ginshiƙi a tsakiya, ko a yi baka.

Baka ita ce ke raba magini da gwani. Tun bango yana wajen kafaɗa ake dasa azaru cikinsa, kawunansu na kallon tsakiyar ɗaki. A ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa, a jira ta bushe. Sannan a ɗora wasu a kansu, su ɗan zarce na ƙasa, su ƙara kwantawa. Haka ake yi daga wancan bangon ma, hawa-hawa, har hannu biyun su gamu a sama. Gaggawa ita ke kashe baka, domin kowane hawa sai ya bushe kafin ya ɗauki na bisansa. In aka gitta baka biyu ko fiye suka haɗu a tsakiya, an sami ɗaurin guga, kuma a mahaɗar ne ake manna tasa ko farantin tangaran don ado. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan fasaha ya je tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu a ƙarni na 19. Kusa da mu ma, a Yama ta jihar Tawa, Falke Barmu ya fara masallacinsa na ƙasa a 1962, aikin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986.

Da an gama wannan sai jeri. Ana shimfiɗa azaru kusa da kusa, kuma mai hankali yakan karkata wani sahu nan, wani can, don wanda ya kwanta rigingine ya ga zane a samansa. A bisansu a shimfiɗa zana ko kara don kada ƙasa ta riƙa zubowa, a bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa marar kauri. In ta sha iska a ƙara wata, a daɓe, ana karkatar da ita zuwa gefen da aka zaɓa. Kauri na kawo sanyi, amma yana kawo nauyi, kuma a nan ne idon magini yake aiki. A kewaye bakin rufin da rawani, a huda shi, a sa indararo. Dā guntun giginya ake fafewa ko a sayi na yumɓu wurin masu ginin tukwane. Yanzu kwano ake naɗewa. Ko wanne ne, ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. Ƙasar Kebbe ta fi arewacin jihar Sakkwato samun ruwa, don haka a can gara a ƙara indararo da a rage.

Saura abin da zai hana ruwa shiga. Kowa ya san makuba: ɓawon ɗorawa ne ake jiƙawa har ruwan ya yi ja, a kwaɓa ƙasa da shi, a shafe rufin da rawani. Mai hali yakan yi laso, wato katsin da ake kwasowa daga karofi, a haɗa da gashin majema da dakakkiyar dafara. Da marina suka ragu, katsi ya yi wuya, mutane suka koma siminti. Ban yarda da wannan canji ba. Siminti ba ya kama ƙasa. Yakan tsage, ruwa ya shige ta ƙarƙashinsa ya rasa mafita, mai gida na ganin sama lafiya lau alhali azara na ruɓewa.

A kusurwoyi ake tayar da zankwaye. Ado ne, amma ba ado kaɗai ba, don kusurwa ce ruwa ke fara ci, zanko kuwa shi ke karɓar dukan.   Zayyana kuwa tana fuskar zaure da kewayen ƙofa, inda ake zana dagi da takobi da allo tun ƙasar na ɗanya, da yatsa ko wuƙa, daga baya har keke da mota suka shigo. Maginan Zariya da Kano sun fi cika bango da zane. A nan ƙasarmu ta Sakkwato an fi barinsa sumul, a ƙawata bakin ƙofa kawai.

Kada kuma a ɓoye gaskiya: rufin ƙasa yana kisa in an yi sakaci da shi. A watan Agusta, in aka yi marka ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ɗakin da ba a kula ba yakan rufto wa masu barci. Shi ya sa kowace bazara sai an kafa tsani an hau. A share, a tuge ciyawar da ta tsiro, a zare sheƙar tsuntsu daga indararo, a cike duk tsagar da aka gani, a sake makuba. A ciki kuma a bi azaru ɗaya-ɗaya da sanda. Wadda ta yi ciki, ko ta fara zubo gari, a tokare ta da gwafa a ranar, a fitar da yara daga ɗakin har magini ya zo.