Darasi: Haɗa Man Korar Sauro a Gida

'Yan'uwa mata, damina ta kama, sauro ya yi yawa a Kafinsoli. Bari in nuna muku man shafawar da nake haɗawa, don amfanin gida da kuma sayarwa.

Kayan haɗi:
Man kaɗanya, babban cokali 10
Man darbejiya, cokalin shayi 1
Man sitronela, ɗigo 30

Ina narkar da man kaɗanya a wuta kaɗan-kaɗan, in sauke. In ya huce amma bai daskare ba, sai in zuba sauran biyun, in juya sosai, in ɗura a ƙananan robobi masu murfi. Kar a zuba sitronela da zafi, ƙamshin zai gudu, kuma ƙamshin ne ke korar sauro.

A kula: a fara gwadawa a hannu, in ya yi ƙaiƙayi a bari. Ba a sha, ba a shafa wa jarirai, kar ya taɓa ido. Ƙarfinsa bai wuce awa 2 ba, wato na hirar dare ne a tsakar gida. Lokacin barci kuwa, sai gidan sauro. Yara 'yan wata 3 zuwa 59 su karɓi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake rabawa da damina. Mai zazzaɓi a kai shi asibiti.

Wadda za ta ci bashin asusu, ta fara lissafa kuɗin mai da roba kafin ta yanka farashi. Mu gaya wa mai saye gaskiyar aikinsa.