DARASI DAGA SHEKARA TA 628 MILADIYYA

Ya ɗan'uwa matashi, ka sani cewa Kisra, sarkin Farisa, wanda rundunarsa ta ci birnin Ƙudus a 614, a shekara ta 628 ya faɗi warwas. Hirƙalu, sarkin Rum, ya riga ya karya mayaƙansa a Ninawa a ƙarshen 627. Nan da nan manyan fada suka juya masa baya, suka naɗa ɗansa Shiruya. Shiruya ya sa aka kashe uban a watan Fabrairu, ya hallaka 'yan'uwansa maza, ya nemi sulhu da Rumawa. Ko shekara bai cika kan gadon ba, ya mutu cikin annoba.

To malam, me ya ci a ciki? Mulki aro ne. Allah ya sa mu wa'aztu, amin.