Amsar Tambaya: Hafsa da Ibadar Sojojinsa

Kyaftin, ka tambaya ko ya halatta ka wajabta wa sojojinka halartar wa'azi, ka hukunta wanda ya ƙi. Bai halatta ba. Shi kurtu, da yake bisa ɗa'a aka hore shi, ƙarin girmansa kuma yana rataye da shaidarka, ba ya iya rarrabe nasiharka da umarninka, saboda haka ko ya zo tsoronka ne ya kawo shi, ibadar ganin ido kuwa riya ce a wurin malamai. Aya ta 256 cikin Suratul Baƙara ta kore tilas a addini, sashe na 38 na Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 kuma ya tabbatar wa kowa 'yancin addininsa. Bar wa limamin bariki wa'azi, kai dai ka ba Musulmi da Kirista lokacin ibadarsu.