Shawara Ga Mai Niyyar Sayen Janareta Don Sana'a

Wani bawan Allah mai sana'ar walda da haɗa ƙofofin ƙarfe ya aiko mini da tambaya, yana cewa ya sayi janareta biyu cikin shekara guda, kowanne kuwa bai cika wata biyar ba ya ƙone, yana neman in bayyana masa inda illar take. Mas'alar ba tasa ba ce shi kaɗai, domin tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, kowace lita ta zama abin lissafi, kuma kuskure wajen sayen inji ya zama hasarar da ƙaramin ɗan kasuwa ba ya iya ɗauka sau biyu.

Malam, asalin ciwon, a mafi yawan lokuta, shi ne mutum ya shiga kasuwa, ko Sabon Gari ta Kano ce ko Panteka ta Kaduna, ya dubi lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin tanki, ya ɗauka ita ce haƙiƙanin ƙarfin injin, alhali kuwa sau da yawa lambar samfuri ce kawai, ko kuma iyakar abin da injin zai iya jurewa na 'yan daƙiƙoƙi. Ƙarfin da za a dogara da shi yana rubuce a ƙaramin allon ƙarfe da ke gefe, kuma ko shi ɗin sai an lura, saboda kVA daban, kilowat daban: injin da aka ce kVA 5 ne, idan an yi masa hisabi bisa ƙa'idar 0.8 da masu ƙira suka saba, kilowat 4 yake bayarwa.

Abu na biyu, wanda shi ma yake cin mutane, shi ne duk na'urar da ke da mota a cikinta, kamar famfon rijiyar burtsatse, da injin markaɗe, da firiza, da zarton katako, tana fizgar wuta a lokacin tashi ninki uku ko fiye na abin da take sha bayan ta daidaita. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, misali, wajen wat 1,100 yake bayarwa, amma a daƙiƙar da aka kunna shi yana iya neman sama da 3,000. Saboda haka wajibi ne mai saye ya zauna da takarda da alƙalami, ya tara wat na dukan abin da zai kunna a tare, ya ƙara fizgar mafi girma daga cikinsu, sannan ya zaɓi injin da wannan jimla ba za ta wuce kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa ba. Jakin da aka ɗora wa iyakar kayansa kullum ba ya daɗewa, balle a zafin bazara, lokacin da iska mai zafi ke rage wa inji kuzari. Injin walda na tsohon yayi, mai tiransifoma, fizgarsa ta fi tsanani, kuma a ganina shi ne ya halaka injunan mai tambaya. Da zai koma ga na zamani mai inbata, da nauyin ya ragu ƙwarai.

Game da fetur da dizal kuwa, hukuncin yana ga yawan sa'o'in aiki. Ƙananan injunan fetur suna juyawa sau 3,000 a minti, manyan na dizal kuwa sau 1,500, shi ya sa na dizal ya fi jure aikin yini guda, ko da yake ya fi tsada da nauyi. Wanda aikinsa sa'a uku ne a rana, na fetur ya wadatar da shi. A tambayi mai sayarwa ko naɗin wayar na jan ƙarfe ne, a tabbatar akwai na'urar daidaita wuta, wato AVR, a kuma guji injin da aka ƙera don Amurka, mai bolt 120 da zagaye 60, domin wutarmu bolt 230 ce, zagaye 50. Kada a sayi abin da ba a samun kayan gyaransa a garin da ake zaune.

Game da kula da inji kuwa, musamman a wurin gini, ƙurar hunturu da ta siminti su ne manyan maƙiya, don haka a riƙa wanke matatar iska, a juye baƙin mai bayan sa'a 20 na farko, sannan duk bayan sa'a 100. Wanda zai haɗa injin da layin shago ya sa makunnin sauya layi, kada wutarsa ta koma kan wayar gari ta kashe ma'aikacin da ke gyara a kan falwaya.

Ina roƙon masu karatu, don girman Allah, kada a kunna janareta a cikin shago, ko zaure, ko kusa da tagar da ake kwana, domin gubar hayaƙinsa ba ta da launi, ba ta da wari, kuma ta sha ɗauke iyali guda cikin barci.