Tsufa da Haihuwa: Abin da Ɓera Ya Koya Mana

Duk mai rumbu ya san saurin yaɗuwar ɓera. Macen ɓera kan haihu bayan kwana 21 zuwa 23 da ɗaukar ciki, kuma da wuya ta wuce shekara uku a duniya. Gajertar rayuwar nan ce ta sa masu binciken lafiya suke kiwon ɓeraye a ɗakin gwaji, domin a cikin ɗan lokaci za su ga ƙuruciyarta, su ga ƙarfinta, su kuma ga tsufanta.

A jikin kowace dabba akwai sinadarai da ake kira homon. Su ne 'yan aiken jiki: wani sashe ya zuba su a cikin jini, su kai saƙo ga wani sashe. Mai ba da umarnin haihuwa ita ce ƙwaƙwalwa, ta hanyar wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinta.

Matashiyar ɓera tana neman barbara duk bayan kwana 4 ko 5. Tun a 1922 wasu masana biyu na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, Long da Evans, suka yi bayanin wannan zagaye dalla-dalla. Idan ranar ta zo, da yamma ƙullutun nan yakan saki homon mai suna LH da yawa a lokaci guda. Kafin gari ya waye, ƙwai sun fito daga ma'ajiyarsu.

To, a nan ne abin mamakin yake. Barbarar kanta saƙo ce. Idan namiji ya taɓa bakin mahaifa, jijiyoyi sukan sanar da ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sa a riƙa sakin wani homon mai suna furolaktin sau biyu kullum, ɗaya da asuba, ɗaya da maraice, har kwana goma ko fiye. Wannan shi ne homon ɗin da ke kawo ruwan nono, amma a ɓera yana da wani aikin: yana raya gurbin da ƙwai suka fito, gurbin kuma ya riƙa samar da furojestaron, wanda ke shirya mahaifa ta riƙe ciki. Masana sun gwada haɗa mace da namijin da aka toshe wa hanyar maniyyi. Ba ciki, ba ɗa, amma jikinta ya yi kusan kwana 12 yana aiki kamar mai ciki. Ana kiran wannan cikin ƙarya.

Da ɓera ta doshi shekara guda, sai lissafin ya fara rikicewa. LH yakan zo a makare, kuma ba ya kai yawan da ya saba. Kwanakin zagaye su yi tsawo, 'ya'yan da take haifa su ragu. Daga baya ta shiga wani hali na zama a shirye don namiji kullum, alhali ƙwai ba sa fitowa. A farkon wannan hali, barbara takan iya farkar da ƙwaƙwalwar wasu daga cikin ɓerayen, LH ya zubo, ƙwai su fito. In halin ya daɗe, namiji zai yi nasa, amma ƙwaƙwalwa ba ta amsawa kamar da. Wasu tsofaffin kuma sukan faɗa cikin ƙarya a jere, ba tare da namiji ya kusance su ba.

Ina matsalar take, a ma'ajiyar ƙwai ko a ka? A 1972 masana biyu a Taiwan, Peng da Huang, sun yi dashe. Suka ɗauki ma'ajiyar ƙwan tsohuwar ɓera suka sa wa matashiya, sai ta ci gaba da aiki a jikinta. Da aka sa wa tsohuwa ta matashiya, zagayen bai dawo daidai ba. A ganina wannan gwaji ya fi kowanne fito da maganar fili: a ɓera, ƙwaƙwalwa ce ke fara gajiya tun da sauran ƙwai a ajiye.

Sai dai a kula, 'ya mace ba ɓera ba ce. Ita ƙwanta na fitowa ne kusan sau ɗaya a wata, ko an sadu da ita ko ba a sadu ba, kuma saduwa ba ta tayar da furolaktin irin na ɓera don riƙe ciki. An haife ta da adadin ƙwanta, suna raguwa a hankali, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan shekara 35. Idan suka kusa ƙarewa, al'ada ta ɗauke, yawanci tsakanin shekara 45 zuwa 55. Kafin nan al'adar kan yi ta wasa, ta zo wannan wata ta tsallake wancan, kuma mace na iya ɗaukar ciki a wannan tsakani. Wadda ta ga jini ya dawo bayan ta shekara guda cur ba ta gan shi ba, ta je asibiti a duba ta ba tare da jinkiri ba.