Ƙuri'ar Jin Ra'ayi da Maganar Karama

Wani mai sauraronmu daga unguwar Mabera a Sakkwato ya aiko da tambaya. Ya ce, in an yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a aka ce yawancin mutane sun yarda da karama, a gaskata?

To Malam, mun gode. Ƙuri'ar jin ra'ayi tana auna abin da baki ya faɗa ne. Ka tsaya kusa da Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ka tambayi mai ziyara ko ya yarda da karamar waliyyai. Wa zai ce a'a a gaban baƙo? Sannan malamai sun bambanta mu'ujizar annabawa da karamar waliyyai, don haka yadda aka tsara tambayar kan sauya amsar.

Sai batun waɗanda aka tambaya. Binciken wayar salula yakan tsallake matan da ke cikin gida da mutanen karkara. A zaɓen 2023, ƙuri'un jin ra'ayi da dama sun sa Peter Obi a gaba, amma Bola Tinubu aka bayyana ya ci.

Don haka, Malam, kafin ka gaskata, bincika wa aka tambaya, kuma da wane harshe.