Tattali, Rowa da Ciyayya: Darasi Daga Tsakar Gidanmu a Unguwar Madaki

Gabatarwa

Wannan 'yar maƙala ta samo asali ne daga wani aikin gida da aka ba mu a darasin ilimin ma'ana. An ce kowa ya zaɓi rukunin kalmomi masu dangantaka da juna, ya nuna inda suka haɗu da inda suka raba hanya. Ni sai na zaɓi kalmomin da suka shafi riƙon abin hannu, wato tattali da tsimi da tanadi da rowa da ɓarna da almubazzaranci. Na ɗauka aikin ƙamus ne, in zauna a laburare kwana biyu in gama. Da na je hutu gida, unguwar Madaki a cikin garin Gombe, sai na tarar mafi yawan abin da nake nema yana bakin kakata, wadda muke kira Dada. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kusan rabin kalmomin da take faɗa, ƙannena ba su san su ba.

Tattali ba rowa ba ne

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe kalmomi masu kama da juna ita ce a dubi abokan tafiyarsu a cikin jimla. Bahaushe yana cewa tattalin miji, tattalin yara, tattalin lafiya. Ba ya cewa tsimin yara. Ke nan a cikin tattali akwai kulawa da ƙauna, ba rage kashe kuɗi kaɗai ba. Tsimi shi ne taƙaita amfani da abu don ya daɗe, tanadi kuwa idonsa yana kan gobe. Shi ya sa ake haɗa su a ce tsimi da tanadi, har wasu malamai suka yi amfani da wannan haɗin wajen fassara ilimin tattalin arziki. Almubazzaranci baƙo ne da ya zama ɗan gida: daga Larabci aka aro shi tare da "al" ɗinsa, sannan aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar -anci, irin ta shashanci da iskanci.

Amma inda darasin yake shi ne nan. A lura da waɗannan jimloli:

Ta yi tattalin hatsi.
Ta yi ɓarnar hatsi.
Ta yi wa maƙwabciyarta kyauta.
Ta yi wa maƙwabciyarta rowa.

Tattali da ɓarna abu ake yi wa, rowa da kyauta kuwa mutum ake yi wa. Ko an ce "rowar abinci", sai an sami wanda aka hana kafin maganar ta cika. Ashe kishiyar tattali ɓarna ce, kishiyar rowa kuma kyauta. Layi biyu ne daban, don haka babu abin da zai hana mutum ɗaya ya zama mai tattali kuma mai kyauta. Mu 'yan zamani ne muka cakuɗa layukan, muka koma ganin wanda ya tsame ƙanzo marowaci, wanda ya zubar da rabin tukunya kuma mai sakin hannu.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan kuskure. Wata rana na iske Dada tana kankare gindin tukunya tana shanya ƙanzo a faifai, na ce da ita cikin wasan jika da kaka, "Dada, wannan rowa taki har da tukunya?" Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kai mijin nan nawa, wa na hana? Kawo mini wanda na hana." Na rasa amsa. Wannan tambaya tata ita ce ta ba ni ma'aunin da na kawo a sama, ba wani littafi ba.

Tafiyar mudun gero

Domin in tattara kalmomi, na roƙe ta ta bi da ni tafiyar gero tun daga dami har bakin salati. Bayan sussuka da shiƙa akan sami ƙaiƙayi. Bayan surfe da bakace akan sami dusa, ta awaki ce. Ruwan da aka wanke surfen da shi sunansa ƙasari, ba a zubar da shi, dabbobi ake ba. In an niƙa an tankaɗe, abin da ya rage a rariya tsaki ne, ko a yi fate da shi ko a watsa wa kaji. Tuwon da ya kwana ɗumame ne, wanda ya kama gindin tukunya ƙanzo ne, a busar, ranar da aka so a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Karan da aka dafa tuwon da shi ya zama toka, da ita ake goge tukwane, ana kuma tace ruwanta a sa a miya a madadin kanwa. Kashin awakin da suka ci dusar shi ne takin zogalen da ke bayan ɗaki. Duk wannan tafiya babu wurin da aka ce "a kai juji". Ko jujin ma, da rani manoma ke kwashe shi zuwa gona.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, al'umma ba ta raɗa wa abu suna sai tana da aikin yi da shi. Da a ce ƙasari ruwan banza ne, da ba a ware masa kalma ba. Yau da muke sayen gari a ƙulle daga kanti, ƙanwata 'yar aji uku a sakandare ba ta taɓa jin kalmar ba. Haka kalmar gyartai, mai ɗinke fasasshiyar ƙwarya. Na tambayi yaran gidanmu, ɗaya ya ce yana jin sunan gari ne.

Leda

Kalmar leda aro ce daga Ingilishi, daga sunan da suke kiran fata da shi, ko da yake abin da muke nufi da ita ya yi hannun riga da fata. Kwata da kwalbati su ma duk aro ne. Waɗannan kalmomi uku a Gombe ba a raba su, domin ta farko ita ke toshe sauran biyun.

Wanda bai san Gombe ba, garin a cikin kwari yake, tuddai sun kewaye shi, ƙasarsa kuma rairayi ce mai saurin zaizayewa. In aka yi ruwa mai ƙarfi, duk abin da ya sauka a tudu cikin gari yake gangarowa. Manya har yau suna ba da labarin ambaliyar watan Agustan 2004 da ta ci rayuka ta rushe gidaje. Garin kuma ya yi ta faɗaɗa tun da aka ƙirƙiro jihar a 1996, filayen da a da suke shanye ruwa sun zama gidaje da daɓen siminti. An kashe kuɗi masu yawa wajen gina manyan hanyoyin ruwa da ɗaure bakin kwaruruka, wasu da tallafin Bankin Duniya. To amma magudanar da aka gina ba ta da bakin da za ta hana mu zuba mata shara. A unguwarmu na sha ganin hadari ya haɗu, maimakon a kwashe shanya kawai, sai a aiki yara da bokitin shara su juye a kwata don "ruwa ya tafi da shi". Ina zai tafi da shi? Ƙofar gidan wanda ke gangare. Wata damina haka ruwa ya dawo da baya ya shiga gidan wata tsohuwa a layinmu, ya jiƙa mata buhun masara, katangarta ta zauna. Ba za a iya nuna mutum ɗaya a ce shi ya yi ba, amma ledar gidanmu tana cikin wadda aka zaƙulo daga kwalbatin. A nan ne ɓarna take tashi daga layin abu ta koma layin mutum, ta zama cuta.

Ba ina cewa a koma ƙwarya da akushi ba. Bokitin roba ya fi araha, ya fi jure faɗuwa, kuma gyartai ba zai dawo ba. Matsalar tana ga abin da ake amfani da shi sau ɗaya a yar. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Mu da ba mu kai nan ba, abin da ke hannun gida bai fi ƙarfinsa ba: a je kasuwa da kwando ko jaka, a aiki yaro sayen koko da jug mai murfi, a tara robobin lemo a wanke a ba masu sayar da zoɓo da kunun aya, gwangwani da ƙarfe a ware wa 'yan jari-bola. Wannan kalma ta ƙarshe ma ta cancanci nazari, sabuwar harɗaɗɗiya ce da ta haɗa jari da bola, kuma ta faɗi gaskiyar da tsofaffinmu suka daɗe da sani. Masu kiwo kuma su tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin akuyar da ta rame ba ciwo.

Batun itace gajere ne. A 2019 gwamnatin jiha ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa da ake kira 3G, da burin dasa miliyan ɗaya kowace shekara. Dasawa rana ɗaya ce, rainon ne aiki, kuma a garin da ake sayen ruwa a jarka ba kowa zai ba bishiya ruwan sha ba. Dabarar Dada ita ce ta ajiye kujerar alwala a gindin dashen. Ruwan alwala sau biyar a rana, da ruwan ɗauraya, su suka raini dogon yaron da muke shan inuwarsa yanzu. Masu nazarin karin harshe su lura, wannan itace guda wasu na ce masa darbejiya, wasu maina, wasu bedi.

Ciyayya

Kalmar da ta fi riƙe ni a duk aikin ita ce ciyayya. Ginin ta a fili yake: aikatau ci da ɗafa-ƙeyar -ayya, wadda take nuna aikin da ake yi wa juna, kamar soyayya da ƙiyayya da auratayya. Ciyayya ita ce al'adar da gidaje ke aika wa juna kwanon abinci, musamman da dare. Muna yara, bayan magariba aikinmu ke nan: wannan kwanon na gidan Goggo, wannan na gidan liman, wannan na maƙwabta na bayan gida. Mu dawo da wasu kwanonin a cike.

A da ina ganin wahalar banza ce. Tuwo ya tafi, tuwo ya dawo, mene ne ribar? Sai da na sa kalmar kusa da sadaka na gane. Sadaka tana da mai bayarwa da mai karɓa, hannu na sama da na ƙasa. Ciyayya ba ta da su, ɗafa-ƙeyar nan ta daidaita kowa. Tun da kowane gida yana aikawa kuma yana karɓa, ranar da wani gida bai ɗora tukunya ba, kwano zai shigo masa kamar kullum, yara su ci, babu wanda ya roƙa, babu wanda ya sani sai matan da suka lura hayaƙi bai tashi ba. Su kuwa ba za su faɗa ba. Abin da Bahaushe ke kira rufin asiri ke nan, kuma ban ga wata kalmar aro da ta ɗauke wannan ma'ana ba.

Daga ina Dada take samun kwano huɗu na fitarwa alhali mijinta ƙaramin ɗan kasuwa ne? Daga ƙanzon nan da na yi mata dariya a kai. Gidan da ɗumame ke zama karin kumallo bai sayi burodi ba, akuyar da ta sha ƙasari ta haihu. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Yanzu a kwatanta da bikin da aka yi a danginmu bara. An dafa shinkafa buhu-buhu, aka zuba a robobin ɗaukar abinci, aka raba wa mutanen da yawancinsu sun ƙoshi tun daga gida. Washegari ni na taya kwashe shara, na ga robobi da cinyar kaza an gatsa sau ɗaya an bari. Kowa ya yaba, an ce an yi bajinta. A ma'aunin da muka kafa, wannan ba kyauta ba ce, ɓarna ce ta sa rigar kyauta, domin ba wanda aka yi wa. A wannan daren akwai gidaje a layin da ba a gayyata ba, ba a kuma aika musu ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan abinci suka yi tsada, ciyayya ta ƙara ja da baya a unguwarmu. Ban ga laifin kowa ba, mai mudu ɗaya da 'ya'ya bakwai ba a ce masa ya fitar da kwano. Sai dai abin takaicin shi ne lokacin da aka fi buƙatarta shi ne lokacin da take mutuwa. Dogayen katangu da get na ƙarfe su ma sun taimaka, yaro ba ya faɗawa gidan maƙwabta da sallama kamar da.

A gidanmu kwano huɗu sun koma ɗaya. Daren da zan komo makaranta Dada ta zuba tuwo malmala biyu, ta rufe da faifai, ta miƙa wa ƙaramin ƙanena ya kai gidan tsohuwar nan da ruwa ya ci wa katanga. Yaron ya tsaya ya ce, "Dada, in ce sadaka ce?" Ta daka masa tsawa: "Kul! Ka yi sallama, ka gaishe ta, ka ajiye. In ta ba ka wani abu a kwanon ka karɓo da hannu biyu." Ya dawo da busasshiyar kuɓewa ƙulle a ƙyalle, wadda ba ta fi cikin tafi ba. Da ita aka kaɗa miyar washegari.